Azarar Goggo 'Yar Baba

Ni magini ne ɗan magini, sunana Maidawa, kuma duk faɗin Bagudo gida ɗaya ne idan na zo wucewa nake sunkuyar da kai. Hannuna na cikin wannan labari dumu-dumu, don haka kada wani ya ce sharri nake yi wa Atiku. Abin da idona ya gani zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

A shekarar da aka ce Turawa za su naɗe tabarmarsu ne Atiku ya dawo daga Kandi ta ƙasar Dahome, bayan shekara goma sha bakwai ba a ga ƙeyarsa ba. Ya zo da matarsa Sakinatu, da akwatin rediyo, da jakuna shida ɗauke da kwanon rufi yana ƙyalli, yara suna bin su a baya. Ko ruwan gajiya bai gama sha ba ya aiko a kira ni.

“Maidawa, so nike ka tada min gidan ga,” in ji shi. “Musamman zaure. Ranar mulkin kai manyan baƙi za su zo, ba ni son a iske ni cikin kango.”

Kango kuwa shi ne. Katanga ta zube rabi an toshe da zana, ɗakuna huɗu tumfafiya ta tsiro a cikinsu, zauren ya yi ciki kamar akuya mai shirin haihuwa. Ɗaki ɗaya tak ne lafiyayye a gidan, soron Goggo 'Yar Baba, ƙanwar uban Atiku. Mijinta ya rasu a Kaoje, 'ya'yanta uku duk ƙasa ta rufe musu ido, sai ta dawo gidan ubanta. Maza suka watse neman arziki, ita ta zauna tana gadi ba wanda ya sa ta. Daddawa take yi. Ta ci da ƙwayar ɗorawa, ɓawon kuma ta jiƙa shi ya zama makuba, kowace bazara ta kafa tsani ta hau da tsufanta ta shafe rufin ɗakinta. Da damina a ciki take girki, hayaƙi ya yi shekaru yana dafa azarar har ta yi baƙi ƙirin, gara ko kusa da ita ba ta zuwa. Atiku sunan kakansa ya ci, wanda ya gina gidan, saboda haka Goggo ba ta taɓa kama sunansa, sai dai ta ce Mai-sunan-Baba.

Kwananmu uku da fara aiki, ni da Kimba abokin aikina, muka ɓare yaɓen rufin zaure. Kimba ya ɗan caki azara ɗaya da gizago, sai ga gari yana zubo mana a ka. Ya caki ta biyu, haka. Gara ta cinye cikinsu tas, ta bar fatar waje kawai tana yaudarar ido.

Atiku ya riƙe ƙugu. “To a sayo sabuwa.”

“Azara ba goro ba ce, Atiku,” na ce. “Sai an tahi wajen Kaoje an kada giginya namiji, an tsaga, an bari ta sha iska. Wata biyu, in an yi sauri ke nan.”

“Wata biyu! Ruwa ya sauka ke nan zaurena na buɗe?”

A nan ne bakina ya ja. Wallahi yabo na yi niyya. Na ce, “Ai da irin ta ɗakin Goggo ce, da ko jikokinka ba su ga ƙarshenta ba.”

Na ga inda idon Atiku ya tafi.

Da la'asar ya sa na raka shi. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta har ƙasa, ya ajiye mata goro fari guda biyar, ya yi gaisuwa mai tsawo irin wadda bai yi mata ba ranar da ya sauka. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Goggo ta ajiye ƙwaryar daddawa. “Mi ka ce, Mai-sunan-Baba? In kware ɗakina ga hadari na haɗowa?”

“Aro ne, Goggo. Aro kawai. Kahin ruwan shuka na mai da miki rufinki, har ya hi na da. Zauren ga ai na Baba ne, mahaifinki. Kina so a ce zaurenshi ya faɗi kina raye?”

Ya san inda zai taɓa ta. Sai ta juyo gare ni.

“Maidawa, kai nike tambaya, ba shi ba. Azarar da anka cire, tana komawa?”

“Tana komawa, Goggo,” na ce, “in dai ba a yanke ta ba.”

“To ku ɗauka. Amana ce.”

Washegari muka kware soron da ya yi shekara sittin bai taɓa ɗiga ba. Aka kwashe tukwanenta da gadonta na kara aka kai ɗakin awaki da ke ƙuryar gida, aka kori awakin waje, aka watsa toka a ƙasa don wari. Sakinatu ta leƙa ta ce ai wurin ma ya fi iska, tsoho ba ya son ɗaki mai zafi.

Zauren irin na da ne, mai bakan gizo biyu da suka raba rufin gida huɗu, don haka azara gajera yake ci. Na Goggo kuwa dogaye ne. Na sani tun kafin in hau tsani, kada in yi muku ƙarya. Na je na samu Atiku yana murɗa rediyonsa.

“Sai an yanke su hwa. In kuwa anka yanke, ba su komawa ɗakinta har abada.”

“Yanke mana. Na aika Kaoje, sabuwa na tahe. Tsohuwa ta ba da tsohon itace ta samu sabo, ina cutar a nan?”

Na yanke. Na ce wa raina kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙarar zarto ce ta fito da Goggo. Ta tsaya a bakin zaure, ta dubi azarar, ta dube ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta sunkuya ta riƙa tsintar guntayen da suka rage, masu kamu ɗaya da rabi, ta kai su jikin ɗakin awaki ta jera, ta rufe da tsohuwar tabarma. Ranar da Sakinatu ta zari ɗaya za ta hura wuta, ranar ce kaɗai na ji Goggo ta ɗaga murya a gidan.

“Aje shi, ɗiyar nan! Ba makamashi ba ne, ɗakina ne.”

Sakinatu ta wurgar da shi tana ƙunƙuni, wai tsufa ya fara taɓa ta.

Sabuwar azara ta iso bayan kwana hamsin, an riga an yi ruwa biyu. Goggo ta fito da sandarta tana shafa su ɗaya bayan ɗaya, har ta yi wa masu jakuna addu'a, ta ba su daddawa kyauta. Da yamma ta jiƙa makubarta a babbar randa, wai don kada mu jira ta.

Sai dai gyaran tsohon gida gyaran gangar Abzinawa ne, ka taɓa nan can ya ɓalle. A makon nan muka tarar bangon ɗakin da za a yi wa Sakinatu rufin kwano ya rabu da ɗan'uwansa, tsagar har hannu na shiga. Sai an ɗaure shi da azara, kwanon ma sai an yi masa abin da zai kwanta a kai.

“A sa sabbin nan,” in ji Atiku.

“Na Goggo ne hwa.”

“Maidawa, Sakinatu na da ciki wata bakwai. Kana so bango ya faɗo wa mai ciki? Goggo ai tana da inda take kwana. A ƙara aikawa Kaoje.”

Ba wanda ya ƙara aikawa. Wa zai sari giginya ruwa ya cika fadama, kowa yana gonar shinkafa? Atiku ya sani, ni ma na sani. Bayan wannan, aka cire ƙyauren ɗakinta aka kafa a ɗakin da yake ajiye hajarsa, don a cewarsa ɗakin da ba rufi ba abin da zai yi da ƙyaure. Makubar Goggo ma ba ta tsira ba, da ita muka shafe zaure.

Duk Jumma'a in Atiku ya dawo daga masallaci sai Goggo ta tare shi a tsakar gida.

“Mai-sunan-Baba, ruhin nan hwa?”

“Ina sane, Goggo. Bari a gama katanga.”

Aka gama katanga.

“Ina sane, Goggo. Kin ga bakin rijiya ya rufta, ko so kike yaro ya faɗa?”

Aka gyara rijiya. Daga nan sai ya daina ba da dalili, sai dai ya ce, “Haba Goggo, ki riƙa haƙuri mana. Duk wahalar ga don wa nike yin ta, in ba don sunan gidanku ba?”

Damina ta kankama. Mu nan ba mu san halin kwano ba, shi ne na farko a unguwarmu. Soro a hankali yake sakin ruwa ta indararo ɗaya, ka san inda zai zuba ka gyara masa hanya. Kwano kuwa gaba ɗaya yake watso shi. Mun karkata shi ta baya don kada ya jiƙa ƙofar Sakinatu, ba mu lura ba ashe bayan nan kan ɗakin awaki ne. Ruwan sama ya daki Goggo ta sama, ruwan kwano ya bi ƙasa ya shigar mata ta ƙofa. Ranar da na leƙa bayan wani ruwa, na tarar ta ɗora gadon kara a kan duwatsun murhu, tana zaune a kai ta rungume ƙwaryar daddawa, ƙasa duk caɓi da kashin awaki da ya jiƙe ya taso. Tari take yi mai fitowa daga can cikin ƙirji.

Raina ya ɓaci, na tafi zaure kai tsaye. Atiku na zaune da mutane uku suna sauraron rediyo, ana maganar sabuwar tuta. Na jira suka tashi.

“Atiku, ka bar ni ranar Jumma'a, ni da Kimba, mu yi wa ɗakinta jinka ko ta ciyawa ce. Ba mu son ko anini.”

Fuskarsa ta canja. “Sadaka za ka yi wa goggona? A gidana? So kake gari ya ɗauka cewa Atikun da ya zo da kwano daga Dahome ya kasa ruhe ɗaki guda sai da magini ya ji tausai? Ciyawa kusa da kwano, baƙi na tahe? Soro na yi mata alkawari, soro zan yi mata. Bayan biki.”

“Bangon ba shi kai bayan biki. Ruwa na shiga ta kanshi.”

“Kai dai yi aikin da anka sa ka.”

Na koma wurinta na ce ta taso ta zauna da iyalina har ruwa ya ɗauke. Ta girgiza kai.

“Shekara goma sha bakwai ban kwana waje ba, Maidawa, don kada a ce gidan Baba ya mutu. Yanzu da jikanshi ya dawo zan hita? Mi mutane za su ce da shi?”

Kun ji fa. Shi take tsare wa mutunci. Ni kuma na ce na yi iyakar nawa, na koma ina yi wa zaure zane a goshi. Maƙwabta sun gani, don katangar gidan ba ta kai ta ɓoye tari ba. Kowa ya ce sha'anin cikin gida ne, ba a shiga. Waɗansu ma cewa suke tsohuwar ta yi sa'a, ɗa ya dawo mata da arziki.

Duk da haka kullum da safe sai ta ja jiki ta je ta share ɗakinta marar rufi. Ta tattaro fasassun tukwane da guntayen zana, ta riƙa miƙa su da sanda tana kifawa a kan bangon don kada ruwa ya shige shi. Iska ta watsar, ta sake. Da marka ta kama, kwana huɗu ba a ga rana ba, bangon ya sha ya ƙoshi. Rana ta biyar da azahar, muna tsaye, na gabas ya durƙusa a hankali, ya kwanta a cikin ɗakin. Goggo tana kallo daga ƙofar ɗakin awaki.

“Shi ke nan,” in ji ta. Ta koma ciki ta kwanta.

Daga ranar ba ta ƙara tare Atiku ba. Shi kuwa har ya ce mini, “Ka gani? Da ma bangon ruɓaɓɓe ne. Allah ne ya sa munka hid da ita, da yanzu wani zance ake.”

Wallahi da ba don ina tsoron Allah ba, da na kwaɗa masa gizagon da ke hannuna.

Saura kwana ashirin biki, aka tashi da ruwa tun hantsi bai ɗauke ba sai la'asar. Da ya tsagaita Kimba ya je neman tsani a ƙuryar gida, sai na ji salatinsa. Goggo ta riga ta yi sanyi. Kunun da aka ajiye mata tun safe yana bakin ƙofa, ruwa ya cika ƙwaryar. Sakinatu tana kuka tana cewa ita dai ba ta ji kira ba, in ruwa na dukan kwanon nan ko ganga ake bugawa ba ka ji. Wannan kam gaskiya ta faɗa. Taku bakwai ne tsakaninsu.

Aka yi mata wanka, aka yi salla. Masu haƙa suka aiko a kai itacen rufe kabari, ga shi duk itacen gari a jiƙe, ga rana na shirin faɗuwa. Ana ta shawarar wa zai ɗauki gatari, sai na tuna. Na je jikin ɗakin awaki na ɗaga tsohuwar tabarma. Suna nan a jere yadda ta bar su, baƙaƙe, busassu, ko ɗigo bai taɓa su ba. Ta fi rufe su da kyau a kan yadda ta rufe kanta.

Na dubi Atiku. Ya ce, “Ku ɗauka mana. Ai nata ne.”

Ai nata ne! Wata biyar tana roƙon ya faɗi wannan kalma.

Ni na shiga ramin. Na jera guntayen a kanta ɗaya kusa da ɗaya, kamu ɗaya da rabi, suka zauna daidai kamar don wurin na yanke su. Na shimfiɗa ciyawa, Kimba ya kwaɓa ƙasa ya miƙo, na yaɓe, na toshe kowace kafa da yatsana yadda ko ɗigo ba zai shiga ba. Ba wanda ya ce a jira a gama katanga, ba wanda ya ce sai bayan biki. Kafin a kira magariba rufi ya kammala. Da na fito sai na zauna a kan ƙasar kabarin ina kuka, mutane suna cewa Maidawa akwai tausayi.

A sabon zaure aka yi zaman makoki. Masu gaisuwa suka zo daga Kaoje da Kamba har da na hayin Dahome. In an shafa fatiha sai ka ga an ɗaga kai sama. Wani dattijo ya ce rabonsa da ganin azara irin wannan tun yana yaro. Atiku ya share ido da bakin rawani.

“Ta kakanmu ce,” in ji shi. “Mu gidan ga ba mu wasa da kayan gado.”

Na ɗauki takalmana na fita. Ranar mulkin kai an kafa tuta a ƙofar zauren, an ci tuwon shinkafa, rediyo na ta faɗin cewa daga yau kowa ya zama ɗa a ƙasarsa. Ban je ba. Inda ɗakin Goggo yake, an baje ƙasar an kafa turken doki.

Har gobe ana yin wannan a garuruwanmu. A bar tsohuwa da kango ta yi ta fama da gara da ruwa shekara da shekaru, ranar da maza suka dawo da kuɗi ita ce farkon abin da ke tare musu hanya. Ba dukanta ake yi ba, ba korarta ake yi ba. Durƙusa mata ake har ƙasa, a kira ta Goggo, a ce aro ne. Kuma kullum akwai irina a gefe, mai zarto a hannu, wanda ya san gaskiya ya ce shi aiki aka sa shi.

Zauren Atiku yana nan, ku je ku gani, bai taɓa ɗiga ba. Na gina gidaje sun fi ɗari bayan shi, amma ban ƙara yarda na cire azara daga ɗakin da mai shi ke numfashi ba. Duk shekara in hadarin farko ya haɗo, nakan jiƙa makuba a ƙwarya in tafi maƙabarta in duba ko rufinta ya tsage. Ita ta tambaye ni ko azara tana komawa, na ce mata tana komawa.